Majvor da Kwale-kwalen Tsallake

Yayata Majvor ta tsufa a bakin tafki, ni kuma na tsufa ina hawa dutse don in kama mata aiki. Tun mijinta Torvald yana da rai suke riƙe da masaukin matafiya da ke cikin gandun duwatsu, yamma da garinmu Jokkmokk a arewacin Sweden. Idan sanyi ya shigo ta sauko gari ta yi girki a makarantar yara, ƙanƙara na narkewa ta ɗaure jaka ta koma sama. Da ya rasu kowa ya ce ai shi ke nan, ta sauko ke nan. Ko kallo ba mu ishe ta ba. Ta ci gaba ita kaɗai, tana faskare, tana sayar da busasshen burodi da miyar gwangwani, tana duba ƙafafun da takalmi ya saɓule.

Baƙi kuwa ba irin waɗanda ba ta gani ba: mai jakar da ta fi shi nauyi, mai neman inda zai yi cajin waya, ƙato da gemu yana kuka saboda sauro. Masu tafiya su kaɗai ta fi tausayi, sai dai tausayin Majvor faɗa ne, sannan kofi mai zafi ya biyo baya.

Hanyar ƙafa tana yankewa ne a tafkin, dole sai an tuƙa. Kwale-kwale uku ne, ƙa'ida kuma ɗaya: ba a barin gaɓa babu kwale-kwale. In ka tarar da biyu, ka taki sa'a, ka ɗauki ɗaya ka wuce. In ɗaya ka tarar, sai ka ƙetare, ka ɗauro wani a baya ka dawo da shi, sannan ka sake ƙetarewa, ba mai ganinka balle ya gode maka. Idan wani ya saɓa, Majvor ce mai gyarawa. Ta sha gaya wa masu kula da gandun cewa ranar da ta kasa wannan gyaran, su nemi wani. Ni na san kafaɗarta ta dama ta lalace, don na ga da hannu biyu take ɗaga buta. Su ba su sani ba, ni kuma an gargaɗe ni in kama bakina.

Bara da kaka na hau don mu rufe masaukin. Ganye ya yi ja, kawunan duwatsu sun fara fari, ni da ita duk a gajiye muke liƙis. Muna jera itace da hantsi, ruwa yana yayyafi, sai ga wata mata ta taso daga gaɓa, jiƙe sharkaf, tana murmushi har kunne. Benedita sunanta, daga Fotugal, ta yi ritaya daga aikin jinya ta ce sai ta taka duwatsun arewa ita kaɗai. Da guntun Turancinta ta ce mana yau ta fara tuƙi a rayuwarta, ta buɗe tafin hannunta, duk ya fashe.

Majvor ta leƙa gaɓa. Kwale-kwale uku a jere, kamar an kira su taro.

"Nawa kika tarar a can?" in ji ta.

"Ɗaya," Benedita ta ce. "Na yi sa'a, ko?"

"Sa'a! Baiwar Allah, wanda ya biyo bayanki fa? Fiffike zai yi?"

Murmushin ya gudu. Matar ta ce ta ga wani allo, amma ruwa yana dukan tabaranta, ba ta tsaya karantawa ba. Ta miƙe za ta koma. Baƙo makaho ne ko da idonsa, ni dai ban ga laifinta sosai ba. Majvor ta danna ta kan benci ta tura mata kofi da ɗan busasshen nama.

"Zauna. Da waɗannan hannuwan ko cokali ba za ki tuƙa ba."

Ta ɗauko madubin hangen nesa ta duba tsallake, sannan ta miƙo min. Ga wani can cikin jar riga, yana kai da komo a gaɓa, yana ɗaga hannu. Iska ta fara tashi, wanda ya jiƙe a wannan sanyin kuwa ba ya jira da yawa.

"Yaya, bari in je," na ce.

"Kai Ingemar? Kai da ka jefa mu cikin ciyayi ranar bikina?"

"Haba Yaya, ina yaro fa lokacin!"

"Har yanzu ban ga ka girma ba. Kwance igiyar."

Raina ya ɓaci, don taurin kan Majvor ya daɗe da isata. Na ce to ko ta so ko ta ƙi zan zauna a baya in riƙa kwashe ruwa. Muka ɗaure kwale-kwale na biyu, ta kama filafilan tuƙi.

Da farko kamar da. Tana ja tana sauke numfashi, kwale-kwalen baya yana fizgar mu. Da muka fita daga inuwar dutse iska ta same mu a gefe. Na ga hannun hagu yana ja, na dama yana shafa ruwa kawai, muka fara karkata. Ta ciji leɓe ta gyara, muka sake karkata. Fuskarta ta yi fari fat, ruwan da ke gangarowa a kumatunta ban sani ba ko na sama ne ko nata. Ina ta kwashe ruwan da bai kai a kwashe ba, don kada in kalle ta.

A tsakiyar tafki filafilin dama ya suɓuce mata. Ta kai hannu za ta kamo, hannun ya ƙi tashi. Iska ta yi ta juya mu. Tausayinta ya kama ni har na ji kamar in yi ihu.

"Auta," ta ce a hankali, "zo ka karɓa."

Muka sauya wuri a rarrafe, tsofaffi biyu, kowa yana riƙe da rigar ɗan'uwansa. Na tuƙa a karkace, ba ta gyara min ko sau ɗaya ba, wannan kuwa ya fi zagi ciwo. Mutumin tsallake wani ɗan Holan ne, haƙoransa suna kaɗawa, godiya ma ta gagare shi. Muka ja kwale-kwale ɗaya kan tudu muka kife shi, muka ɗauko mutumin muka dawo.

Benedita ta riga ta hura murhu. Da ta ga yadda Majvor ta rungume hannunta, sai aikinta na da ya motsa. Ta cire mata rigar sanyi a hankali, ta tattaɓa kafaɗar, ta dube ta ido cikin ido.

"Wannan ba na yau ba ne."

"Na sani."

"Ki yafe ni, ni na jawo."

"Ke ba ki jawo komai ba. Sha kofinki, zai huce."

Washegari baƙin suka wuce kudu, muka shiga rufe masauki. Na kwashe toka, na sa wa tagogi katako, Majvor tana zaune tana ba da umarni da hannu ɗaya. Tagar ɗakinta ce ta ƙarshe. Akwai wasu labulaye masu ratsin shuɗi da ta ɗinka shekarar da suka fara zuwa da Torvald, kowace kaka a nan take barin su. Na ɗauko katako da guduma.

"Dakata," ta ce. "Sauko min da labulayen nan tukuna. Nawa ne, ba na masauki ba."

Na sauko da su, ta ninke a kan cinyarta, ta ce in sa a jakata don tata ta cika.