Injunan da Suke Kawo Mini Ɗana

Ɗan farina ne, don haka ba za ku ji sunansa a bakina ba. Haka na taras ana yi a Katagum: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, balle ta ce ta yi kewarsa. Ni kuwa ban taɓa zubar da wannan kunyar ba, ko bayan rasuwar maigidana, da gidan ya koma daga ni sai awaki.

A shekarun dubu biyu da 'yan kai yana aikin kwamfuta a Kano. Wani Bayarabe da ya daɗe a Azare yana da shagunan buga takardu, ɗaya a Azare, ɗaya a Misau, ƙaramin kuma nan garinmu. Shi ne ya sa ɗana ya rubuta masa wani ɗan umarni na kwamfuta, wanda in an danna, injin shagon zai tattara aikin mutane ya adana kafin a ɗauke wuta. Ban yi boko ba, amma abin da aka faɗa a gabana sau ɗaya ba ya ɓace mini.

To injunan na gwanjo ne, kowanne da irin tsarin da ke cikinsa. Umarnin da ya yi aiki sumul a injinsa na Kano, da ya zo Azare sai ya tsaya. Ya gyara na Azare, na Misau ya tubure. Na Katagum kuwa shi ne sarkin taurin kai, a ce ya kwafi aiki, ya ce bai san abin da ake kwafa da shi ba.

Duk ranar da namu ya ƙi, sai a aika masa. Ya biyo mota ta Azare, ya iso da la'asar, ya kwana a gidana. In yi miyar kuka da busasshen kifin kogi, in ajiye kwanon kamar wadda ta yi wa baƙo.

"Inna, ba kya tambayata ya hanya?"

"Na ga ƙafafunka biyu sun iso. Me zan tambaya?"

Sai ya yi dariya. "Injin garin nan halinki ya ɗauko."

"Ashe ɗan gida ne."

Wata damina ya haɗo injunan duka uku, ya jera su a zaurena, ya aro janareta. Ina tsince wake a bakin ƙofa, yana ta danne-danne, ya tashi daga wannan ya koma wancan.

"Inna, na gano kuskurena," in ji shi. "Ina rubutawa kamar kowane inji irin nawa ne. Yanzu kafin umarnin ya taɓa komai, sai ya tambayi injin, kai wane iri ne, me kake da shi? In babu wannan kayan aikin, ya ɗauki wancan. In duk babu, ya faɗa a fili ya tsaya, kada ya ɓata aikin mutane."

"In ya yi fa?"

"Shi ke nan, na huta da hanya."

Ya ɗago yana kallona, kamar mai jiran wata magana. Tana nan kuwa, a bakina. Da ƙanwata na raye, da ita za ta faɗa a madadina. Na ce, "Allah ya ba da sa'a," na ci gaba da tsintar wakena.

Allah kuwa ya ba da. Injunan uku suka bi umarnin ba gardama.

Daga nan ba ya zuwa sai Sallah zuwa Sallah, da matarsa da yara, gida cike, ba wanda zai zauna ya tsokane ni a zaure. Ran kasuwa nakan bi ta gaban shagon, in tambayi matar da ke tsaronsa, wata Babarbariya mai fara'a, "Injinku lafiya?"

"Lafiya lau, Hajiya. Ɗanki gwani ne."

Ba na amsawa. Ba a amsa yabon ɗan fari.

Rannan ta rage murya ta ce, "Hajiya, in kina so, sai in aika masa cewa ya lalace."

Injin yana ta gurnaninsa a cikin shagon. Na ce, "Aikin da ya yi da kyau za ki ɗora wa ƙarya? Bar shi."

Na saya wa awaki dusa, na kama hanyar gida.