Koren Gwaji da Raken Baffa

Mu biyu muka fara aikin, ni da ɗan gwaggona. Taubashina ne, tare muka tashi, tare muka yi karatun kwamfuta a Zariya. Tun muna yara ba na kiransa da komai sai bawana, shi kuma ya ce mini ubangidan da ba shi da ko akuya. Duk wanda ya san taubasantaka ya san dokarta: ya tsokane ka, ka rama, a yi dariya a tashi. Ba a fushi, ba a kai ƙara wurin manya. Na san wannan dokar sarai, kada wani ya ce ban sani ba.

Abin da muka gina ƙaramar manhaja ce ta layin injin matse rake. A wajenmu, daga Makarfi zuwa Kudan har Ikara, ba kowane mai dafa mazarƙwaila ke da injin kansa ba. Mai inji ne zai ɗauko shi ya kafa a gonarka, ya matse har ya gama, sannan ya kwance ya wuce gonar wani. Duk wahalar tana wajen sanin ranar zuwansa, domin rake ba ya jira. In ka sare shi ya daɗe a ƙasa, ruwansa zai ja baya ya yi tsami, ko ka dafa ba zai kama ba. To manhajarmu ita za ta riƙe layin. Wakilin unguwa ya saka wa manomi rana a waya, mai inji ya gani, saƙo ya zo wa manomi cewa rana kaza taka ce, ka sare.

Muka raba aiki. Shi ya ɗauki ɓangaren da ke tsara ranaku, ni na ɗauki gwaji. Gwajin nan ba wai mutum ya zauna yana danne-danne ba ne. Wasu ƙananan umarni ne nake rubutawa, su yi kamar su ne manoma, su nemi rana, su soke, su sake nema, sannan su duba ko amsar manhaja ta yi daidai. In ta yi, rubutu ya fito kore. In ba ta yi ba, ya fito ja. Kana danna abu ɗaya duk su gudu da kansu, kai dai ka zuba ido.

Matsalar ita ce a kwamfutata kaɗai suke gudu. A tasa sai su tsaya tun ba a fara ba, wai babu kaza, ba a ga kaza ba. Ita kuwa tsohuwar kwamfutar ofishin ƙungiyar manoma da ke Kudan, wadda a kanta manhajar za ta zauna, ko gaisuwa ba ta amsa musu. A birni da sai a ce a sauko da abin da babu daga intanet. Mu kuwa akwai inda sai ka hau tudu ka ɗaga waya sama kafin saƙo ya fita.

Shi ya sa na ce zan haɗa mana shel mai tafiya da kayanta. Shel ita ce baƙin allon nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni kai tsaye, ba hoto ba ado. Na samu filashi mai kyau, na buɗe jaka guda a ciki, na zuba shel ɗin kanta da duk ƙananan kayan aikin da gwaji ke nema, irin waɗanda ba sa dogara da komai na kwamfutar da aka soka su. Na rubuta umarnin farko da zai ce wa kwamfuta, in kina neman wani abu ki fara dubawa a jakar nan kafin ki duba naki. Na ɗaure agogo a lokaci ɗaya, domin ta Kudan batirinta ya mutu, kullum aka kunna ta tana can a wata shekarar da ta wuce. Na sa gwaji ya riƙa yin ɓarnarsa a wani lungu na daban, in ya gama ya share bayansa. Kamar dai mai shayi ne da ke yawo da teburinsa da risho da kofunansa, duk inda ya sauka ba ya aron cokali.

Na sha wuya a kan abin nan. Akwai lokacin da komai ya ƙi gudu a kwamfutar taubashina, na yi ta bincike har ido ya yi ja, ashe duk fayil ɗin da ya buɗe a wajensa sai ta liƙa masa wata alama da ba a gani a ƙarshen kowane layi. Na zage shi, ya ce laifin ubangida ne da bai saya wa bawansa kwamfutar kirki ba. Na gyara. Ranar da na soka filashin a ta Kudan, na soka a tasa, na soka a ta wani mai shagon buga takardu a Ikara, duk suka ba ni amsa iri ɗaya, na ji daɗin da ban taɓa ji ba a sana'ar nan. Yanzu dai ba mai ce mini ai a tawa yana aiki. Abin da filashi ya faɗa shi ne magana.

Gwaji ɗaya ne ya ƙi zama kore. Shi ne na wakilai biyu a unguwanni biyu, dukansu ba sabis, kowa ya saka wa manominsa rana ɗaya. In sabis ya dawo, ya kamata manhaja ta ba wa wanda ya riga, ta ce wa ɗayan ya dakata. Ita kuwa sai ta ce wa kowa taka ce. Ɓangaren taubashina ne, na nuna masa, ya ce ƙaramin abu ne. A makon ne zazzaɓi ya kwantar da ni, a makon ne kuma shugabannin ƙungiya suka ce a zo a nuna musu aiki kafin a fara sara. Ya zo har ɗaki ya karɓi filashin ya tafi Kudan.

Da na warware ya dawo mini da shi, ya ce ya gyara, shugabanni sun yaba. Na soka, na danna. Kore daga sama har ƙasa. Na dafa kafaɗarsa na ce ashe bawan nan yana da rana. Ya yi dariya.

Baffana, ƙanin mahaifina, shi ne kuma kawun taubashina, yana da fadamar rake a Dandamisa. A gidansa na girma. Shi bai yarda da layin waya ba ko kaɗan. Yadda ya saba, ya je da ƙafarsa wurin mai inji, a gaisa, a tambayi iyali, a tsayar da rana baki da baki. Ni kuwa na matsa, domin in baffan mai manhaja bai shiga ba, wa zai shiga? Muka je gaishe shi mu biyu, na buɗe kwamfuta a zaure na nuna masa koren rubutun. Ya ce shi wannan ba ya karanta masa komai.

Ya dube ni ya ce, "Kai ka gani da idonka?"

Na ce, "Na gani, Baffa. Ni na haɗa abin gwajin da hannuna, ba ya ƙarya."

Ya ce, "To shi ke nan. Tunda kai ka faɗa."

Taubashina yana zaune a gefen tabarma yana shan rake, yana tofar da tuƙa a hannu. Duk abin da aka faɗa a kunnensa aka faɗa. Ya ci gaba da shan rakensa.

Saƙo ya zo wa Baffa da ranarsa. Ya tara mutane aka shiga fadama, aka sare, aka feƙe, aka jibge kusa da inda za a kafa inji. An haƙa murhu, an wanke kasko, an tanadi makamashi. Ranar ta zo, inji bai zo ba. Na kira mai injin, ya ce shi yana Saulawa, can waya ta tura shi, yanzu ma ya gama kafawa, kuma gonar babba ce. Ya ce shi ma abin ya ba shi mamaki, amma ba zai kwance inji ya bar mutum da rake a ƙasa ba. Gaskiyarsa. Na hau babur na zagaya duk mai injin da na sani har Malikanchi. Lokacin sara ne, kowa yana kan gonar wani.

Kullum na je fadamar sai in tarar da Baffa ya sa an ƙara lulluɓe tsibin da ganye, an yayyafa ruwa. Bakin raken ya fara ja. Sai wari ya tashi, irin na abin da ya fara tsami, ƙudaje da zuma suka taru. Da aka samu inji daga baya, ruwan da ya fita kaɗan ne, aka dafa aka dafa ya ƙi daskarewa, ya tsaya kamar maɗi. Wani ɓangaren ma shanu aka zuba wa. Noman shekara guda ke nan na dattijo.

Ni duk a lokacin filashina nake tuhuma. Na zauna da rana tsaka na sake gudanar da gwaji, kore. Sai na shiga ɓangaren tsara ranaku na lalata shi da gangan, na goge rabinsa, yadda ko makaho ya san ba zai yi aiki ba. Na danna. Kore daga sama har ƙasa. Na buɗe umarnin da ke kiran gwaje-gwajen, wanda na rubuta da hannuna kuma ban sake dubawa ba tunda na gama shi. A ƙarshen layin an ƙara ɗan guntun abu, ma'anarsa ko gwaji ya faɗi a ce ya ci. Ashe taubashina bai taɓa matsalar ba. Bakin filashin kawai ya toshe.

Na same shi a gidan gwaggo a Kudan. Bai musa ba. Ya ce shugabanni suna zaune, da sun ga ja ko ɗaya da aikin ya mutu a ranar, ya yi niyyar ya cire abin ya gyara daga baya, abubuwa suka sha masa kai. Na ce to ranar zaure fa, da Baffa ya tambaye ni kana ji? Ya sosa ƙeya ya ce ai bai zaci za a samu karo tun a makon farko ba. Sai kuma ya yi murmushi ya ce, haba ubangida, kai da bawanka. Na so in mare shi. Gwaggo tana tsakar gida tana jin mu, ta ce ku dai ba kwa girma.

Na ce mu je gaban Baffa ya faɗa da bakinsa. Ya ce mu je. Ashe ya fi ni sanin abin da zai yi. Muna gama gaisuwa, akwai dattawa biyu a zauren, ya riga ni buɗe baki, cikin muryar wasan nan da kowa ya saba ji tsakaninmu. Ya ce Kawu ga ubangidana na kawo maka, malamin gwaji, wanda abinsa ba ya ƙarya, yau ya zo neman wanda zai ɗora wa. Dattawan suka yi dariya. Na fara bayani, ina cewa shel, ina cewa layin umarni, ina cewa ya ƙara wani abu a ƙarshe. Ni kaina na ji yadda maganar ke fita, kamar mai kame-kame. Muryata ta hau. Ɗaya daga cikin dattawan ya ce a'a, ba a haka da taubashi, wasa ne yake maka.

Baffa bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Ni ban san abin da ke cikin kwamfutarku ba. Shi bai ce mini in sare ba. Kai ka ce."

Naka shi ke ba da kai, amma ban taɓa zaton taubashina zai bayar da ni sannan ya shige bayan wasa ya ɓuya ba, inda ko hannu na ɗaga ni ne marar tarbiyya. Na cire abin da ya ƙara, na gyara matsalar da kaina, na sa filashin ya riƙa fara gudanar da wani gwaji da dole ya faɗi, in bai ga ja a nan ba ya ƙi ci gaba. Manhajar tana aiki har yanzu, wasu na amfani da ita. Ni da shi muna haɗuwa a suna da biki, ya ce ubangida, in ce bawa, don kada a ce na riƙe shi a zuci. Na riƙe shi.

Baffa bai sake tayar da maganar raken ba, ko sau ɗaya. Da damina ta kama, wata rana zai je ta'aziyya Ikara, ana ta cewa ruwa ya cinye hanya wajen wani kwalbati. Ni kuwa da safiyar nan na biyo ta hanyar a kan babur. Na ce masa an cike wurin, mota na wucewa, yanzu na fito daga can. Ya ce madalla, Allah ya yi albarka. Sai ya laluba aljihu ya ciro wayarsa, ya miƙo mini ya ce in nemo masa lambar ɗan gwaggona, yana so ya tambaye shi ko hanyar ta gyaru.

Na nemo masa lambar, na danna, na miƙa masa.