Shekarar da Jikina Ya Fara Jinkiri

Na fi rabin rayuwata ina tuƙin motar haya tsakanin Filinge da Yamai. Aikin ba ya barin mutum ya zauna gida. Nakan iso gida Filinge ana gobe kasuwa, in kwana, in sake kwana, in ɗebi fasinja in koma. Wannan ɗan zaman shi ne rabon matata a cikin mako, kuma tun muna da ƙuruciya ba mu taɓa wasa da shi ba. Ba zan faɗi fiye da haka ba, mai aure ya gane.

Na haura hamsin sa'ad da abin ya sauya. Daren da na iso komai lafiya lau. Kashegari kuwa sai jikina ya yi shiru kamar ba nawa ba. A da, in na ɗan huta na sha ruwa, na dawo daidai. Yanzu yini guda bai isa ba, wani lokaci har in koma Yamai ban farfaɗo ba. Zuciya tana so, jiki ya ƙi. Na ɗora wa gajiyar hanya, na ɗora wa zafin bazara. Damina ta sauka, gari ya yi sanyi, abin yana nan.

Sai na fara gudun ɗakina. Ranar kasuwa in an yi sallar isha'i, in zauna wurin masu shayi har a watse, ko in shigo ina dafe da baya ina kukan ciwo. Matata ta yi ta ƙoƙarinta. Ta sa lalle, ta turara ɗaki, ta dafa mini zabo. Ina gani, ina kau da kai. Daga baya ta bari. Wata rana tana jiƙa tufafina, ta tambaye ni, ba tare da ta dube ni ba, ko akwai mai yi mini wanki a Yamai. Na yi mata tsawa.

Wa zan gaya wa? A tasha kowane direba zaki ne a bakinsa. Tsofaffin da suka girme ni ma cika baki suke yi, ni kuwa ina dariya tare da su, ina jin kamar ni kaɗai Allah ya ware. Na sha saiwoyi masu ɗaci. Na ci yajin maza har bakina ya yi ƙuraje. Na sha rubutu. Har wani ƙauye bayan Damana na je, wurin wata tsohuwa 'yar bori, ni da ba na wasa da sahun gaba a masallaci. Ta ce ɗaure ni aka yi, kuma mai hannu a ciki yana cin abinci da ni. Na kai jan zakaran da ta nema. Babu abin da ya sauya, sai dai na dawo ina kallon tuwon gidana da zargi.

A ƙarshe na sayi ƙwayoyi wurin wani mai tallar magani a tasha. Ya ce ɗaya ta isa. Na haɗiye biyu ranar kasuwa da yamma, bisa maganin hawan jinin da nake sha. Abin da na samu bai kai wahalar ba. Kaina ya kwana yana sara, da safe kuma na cika mota na kama hanya.

Mun kusa Baleyara sai hanya ta fara yi mini shuɗi-shuɗi. Kunnuwana suka toshe, hannuwana suka saki. Ban san sa'ad da motar ta bar kwalta ba, na dai ji salati, na ga karan gero yana dukan gilashi. Allah ya tsare, ba mu kife ba. Amma wata mata mai goyo ta fasa goshi, jini yana ɗiga kan zanen da ta rufe jaririnta. Har yau in na rufe ido ina ganinta.

A asibitin da aka kai mu, majo, wato babban ma'aikacin wurin, ya auna jinina ya tambayi abin da na sha. Sa'ana ne, furfura ta cika masa gemu. Na yi ta kewaye-kewaye, ya rufe ƙofa ya zauna yana jira, har na faɗa masa duka. Bai yi dariya ba. Ya ce ba ɗauri ba ne, ba kuma mutuwar gaba ba ce. Kowane namiji jikinsa yana neman hutu bayan ya kusanci iyalinsa, kuma hutun yana tsawo da shekaru: na saurayi ɗan lokaci ne, na dattijo yakan kai yini ko fiye. Gajiya da hawan jini suna ƙara shi, tsoro ya fi su duka. Ya ce ƙwayar da na haɗa da maganina ta isa ta kashe ni. Na roƙe shi allurar da za ta mayar da ni yadda nake. Ya ce babu ita, da akwai da shi ya fara yi wa kansa.

Mai motar ya karɓe makullinsa, ya ce in huta tukuna. Na koma gida a motar wani, a kujerar baya.

Na tarar da matata tana tankaɗe a tsakar gida, labari ya riga ni isowa. Na zauna bisa turmi na gaya mata, idona a ƙasa.

"Maigida, don wannan ka kusa kashe mutane?" in ji ta. "Ni ina nan ina cewa tsufana ka gani ka ƙyamace ni."

Na ce kunya ce ta hana ni magana.

"Ni ma tun da jinina ya ɗauke, abin da zafi yake zo mini. Daurewa nake yi don kada ka nemi wata. Da ka tambaye ni, da na ce maka dare ɗaya ya ishe ni."

Ta ci gaba da tankaɗe, hawaye yana sauka cikin garin.

Ba a mayar mini da motar ba. Na koma gonar mahaifina, ina kwana gida kullum, babu sauran gaggawa. Muna hira yanzu fiye da da. Duk da haka akwai ranakun da nake tashi in ji jikina shiru, tsoron nan ya taso mini, in fita gona tun rana ba ta fito ba don kada ta gani a fuskata.