Ihun Ɓarawo a Bayan Tasha

Ina shekarar ƙarshe a kwaleji ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo ta karɓi wasan da na rubuta. Labarin wani matashi ne da aka yi wa ƙazafin satar waya, jama'a suka kashe shi da duka. Na so a yi shi a ɗakin taro, a rufe ƙofa, kowa ya zauna ya ji abin a jikinsa. Shugabanmu, wanda duk ɗawainiyar ƙungiya ke wuyansa, ya ƙi.

"Malam marubuci, ɗaki haya, kujeru haya, janareta haya. Wa zai biya, kakarka? A filin bayan tasha za mu yi, can mutane suke."

Ban iya gardama ba, kuma yana da gaskiyarsa. Aka kewaye filin da zana. Bayan la'asar wuri ya cika maƙil, har shugaba ya ƙifta mini ido.

Abokina da muke ɗaki ɗaya, wani siriri ɗan Fika, shi ya fito a wanda ake zargi. Yadda muka tsara, zai ruga ya zaga ta bayan 'yan kallo, 'yan wasa su bi shi da sandunan soso. Suka bi shi kuwa, suna ihu iya ƙarfinsu: "Ɓarawo! Ɓarawo!"

Zana ba ta tare murya. Sai gani na yi ta kwanta, 'yan dako da masu keke napep sun tattako ta daga tasha. Abin da suka gani kawai, mutum na gudu ana bin sa. Wani ya sa masa ƙafa ya kifa. Wani ya sauke masa katako a gefen kai, daga inda nake tsaye na ji ƙarar. Suka rufe shi, ƙafa da dutse.

"Wasa ne! Wallahi wasa ne!" shugaba yake ta faɗa.

Wani ƙato ya naushe shi a baki. "Kai ma abokin satarsa ne ko?"

Na ji ana cewa a kawo taya da fetur.

Ɗalibar da ta fito a uwarsa, da tsohon zane da toka a gira, ita ta kutsa ta faɗa kan abokina. "Ɗana ne! Ku haɗa da ni ku kashe!" Maganar da na rubuta mata ce, ta ƙarshen wasa, wadda za ta faɗa a kan gawa.

Hannaye suka tsaya. Wani dattijo ɗan kamasho ya ce, "Baba, tashi, kar a taka ki." Ya tsinci sandar soso a ƙasa, ya lanƙwasa ta, ya dube mu. "Kai, 'yan banza, da wannan kalmar ake wasa a tasha?"

A keken ɗaya daga cikin waɗanda suka doke shi muka kai shi asibiti, jininsa na bin hannun rigata. Kuɗin shiga da aka tara a ƙofa a can suka ƙare.

Ya rayu. Bai sake fitowa a wasa ba, kunnensa na hagu kuma bai sake ji ba. Har yau in mun haɗu a kasuwa, ta damansa nake zagawa kafin in yi masa sallama.