Kwalabe Goma Sha Biyu na Dokta Yasira

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 15 ga Afrilu, 2025, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran ƙanwata Dokta Yasira Ɗanladi a gidanmu na Yelwa. Ciwon hanta ne ya ɗauke ta, irin wanda ya ɗauke Inna, wanda yake kwance a jinina ni ma.

Yasira, kin tuna dariyar da matan bakin ruwa suka sha yi miki a Wara? Ga ki da digiri uku, kina bin masunta kina tsintar ɓawon ƙaguwa a buhu. Har ni na ce boko ya taɓa ki. Kika zaunar da ni kika ce da ɓawon nan kike haɗa wasu 'yan ƙwayoyi da ido ba ya gani, ki ɗura maganin cutar a cikinsu, su kai shi hanta kai tsaye maimakon ya watse a jiki. "Kwalekwale ne, Yaya," in ji ki, "har ƙofar gida yake sauke fasinja."

Matan nan da suka yi miki dariya, ke kika gwada jininsu kyauta. Wadda aka samu da cutar ba ki taɓa faɗa mata a gaban mutane ba, sai ki bi ta har ɗaki.

A watan Nuwamba kika jera 'yan kwalabe goma sha biyu a saman kabad ɗinki, da wani ruwa fari-fari a ciki. Kika ce kada a sa su a firji. Ban tambayi dalili ba.

Bayan sadakar uku muka shiga ɗakinki, kamar yadda aka saba, don wanke kayan mamaci kafin a raba. Da na ga kwalaben nan, na ɗauka ragowar maganin jinyarki ne, na tsani ganinsu. Da hannuna na tsiyaye su a magudana, na wanke kwalaben tas, na kife su a rana.

Jiya abokiyar aikinki Susan ta zo ta'aziyya, ta tambayi kwalaben. Ashe gwaji ne kike yi, ki ga ko maganin zai jure zafin Yauri wata shida ba firji, saboda ƙauyukan Shanga da Ngaski da ba su da wuta. Saura mako biyu ya cika. Susan ba ta zarge ni ba. Ta dai ce sai an faro daga farko, kuma ke ce hannunki ya san haɗin.

Na mayar da kwalaben inda kika jera su. Kowace safiya in na haɗiyi ƙwayar maganina sai na ji kamar kina tsaye a bayana, kina kallonsu tare da ni. Tsoro nake ji, Yasira, ba zan ɓoye miki ba.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya haɗa ki da Inna a Aljanna. Ya ba mijinki Abdulrahman da 'yarki Hafsat haƙurin wannan rashi. Ni kuwa, ki yafe mini. Wanke kwalaben nan ne aikin ƙarshe da na yi miki, kuma da ƙauna na yi shi.