Hadarin Kufena

Shekarar da ta gama jami'a, yarinyar da nake so ta ce min za ta koma gida, can kudancin Kaduna. Wai Zariya shimfiɗe take kamar tabarma, idonta ya gaji da neman dutse. Ni kuwa ina aiki a wani shagon hoto a PZ, kaina cike da littattafan soyayya da nake haya a unguwarsu, Samaru. A cikinsu saurayi yakan yi wani abin bajinta, budurwa ta fasa tafiya.

Sai na ƙudura zan hau dutsen Kufena ni kaɗai, in ɗauko mata hoton Zariya daga sama, ta ga mu ma muna da dutse. Ban faɗa mata ba. Ita abu ɗaya ta roƙe ni: in zo ranar Asabar da safe in raka ta tasha.

Ranar Juma'a na ari kyamarar maigidana, na cusa bargo da ƙuli-ƙuli da gorar ruwa a jaka. Ina hawa rana na dukan ƙeyata. Da la'asar hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, rabin gari a inuwa, rabi kuma rufin kwano sai ƙyalli yake. Na yi ta ɗauka. Lokacin sauka ya yi, na ce bari hasken ya ƙara kyau. Ruwa ya kece. Wayata ta jiƙe ta mutu, dutsen ya yi santsi, na raɓe a wani kogo har gari ya waye. Ko da safe sai da rana ta ɗaga na iya saukowa, da jan gindi, takalma a hannu.

Na isa Samaru da taɓo har gwiwa. Ɗakinta a buɗe, ko katifa babu. Dattijuwar da ke da gidan tana shanya a tsakar gida.

"Ɗana, ina ka shiga? Tana zaune kan jakarta a bakin ƙofa, mai keke ya tsaya ta sallame shi, wani ya tsaya ta sallame shi. Ƙarshe ni na raka ta."

Na fara nuna mata kyamara, ta ce in je in wanke ƙafata tukuna.

Da na gyara waya na tura mata hotunan duka. Sai washegari ta amsa: "Sun yi kyau. Na isa lafiya." Daga nan ba ta sake rubuto min komai ba.