Mai Makullin Mota a Tashar Bas

Duk safiyar da Hindou ta zo tashar bas ta tsakiyar birnin Greensboro, tana iske dattijon Baturen nan a kan benci, yana juya makullin mota a yatsa kamar mai jan carbi. Takalminsa na sheƙi, gemu a aske ƙal, ciki kuwa ya shafe kamar na mai azumi. Jaket ɗinsa ta koɗe, amma har yanzu ana iya karanta sunan masaƙar yadin wandon jins da aka rufe tuntuni a bayanta.

"Yau kaɗai zan shiga bas," in ji shi, ba tare da kowa ya tambaye shi ba. "Motata na gareji."

Shekara biyu ke nan motar na gareji.

Daga nan sai ya buɗe wa'azinsa. A zamanin mahaifinsa, wai, aikin mutum ɗaya ya isa a sayi gida, da mota mai tsawon kwalekwale, da firij maƙil da nama. "Sai ku baƙi kuka zo," ya ce, yana nuna ta da makullin.

"Sannu, Baba," in ji Hindou. Ta san masu masaƙar sun kwashe injinansu zuwa ƙetare tun ba ta san hanyar filin jirgin Yamai ba.

Bas ta iso. Direba ya ce, "Shigo, ga kujerarka ta kullum."

Dattijon ya zauna, ya kama ƙarfen da ke gabansa da hannu biyu, kamar shi ke tuƙi.